Wanda ya taɓa zama a Daraga don Allah ya faɗa min gaskiya

Maman Fadila:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ina neman waɗanda suka taɓa zama a wani gari wai shi Daraga a ƙasar Filifin, lardin Albay. Ƙanwata ce ta samu gurbin karatun nas a Legazpi, ɗakin da aka samo mata kuma a Daraga yake, wai garuruwan manne suke da juna. To jiya na rubuta sunan garin a waya, abin da na fara gani wani dutse ne yana aman wuta cikin dare, ga kuma wata tsohuwar hasumiyar coci tsaye ita kaɗai a fili. Tun jiya Hajiyarmu ba ta runtsa ba, ta ce ita ba za ta kai ƴarta bakin wuta ba. Ni dai wanda ya zauna nake so ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam Anti. Shekara biyar na yi a garin nan, 2016 zuwa 2021, karatun likita. Dutsen da kika gani sunansa Mayon, tsayinsa ya haura mita 2,400, kuma gaskiya ne yana aman wuta, ba zan ɓoye miki ba, ina can ya yi na watan Janairun 2018. Amma ki gane wani abu, akwai da'irar kilomita 6 kewaye da bakin dutsen da gwamnati ta ce kada kowa ya zauna a ciki, kuma cikin garin Daraga inda ɗalibai ke kama ɗaki yana can nesa da wannan da'irar. Hukumarsu mai lura da duwatsu, PHIVOLCS, tana da ofis a kan tudun Ligñon suna kallon dutsen dare da rana, suna da matakan gargaɗi har zuwa 5, ranar 22 ga Janairun 2018 suka ɗaga zuwa 4, aka kwashe mutanen ƙauyukan gindin dutse aka zuba su a makarantun firamare, mu kuma muna gari muna zuwa kasuwa. Tokar ma a garuruwan Camalig da Guinobatan da Ligao ta fi sauka saboda can iska ta nufa, a can ne rana tsaka gari ya yi duhu har motoci suna kunna fitila.
Garin kansa ba ƙauye ba ne, ƙidayar 2020 ta ce mutum dubu 133 da ɗoriya, unguwanni 54, su barangay suke ce wa unguwa. Daga Daraga zuwa Legazpi jifni ɗaya za ki hau, wato motar hayarsu, ba ma za ki san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Filin jirgin sama sabo ma a ƙasar Daraga yake, an buɗe shi Oktoban 2021, daga Manila kamar awa ɗaya ne a sama, ta bas kuwa kwana za a yi a hanya.

Maman Fadila:
Na gode likita Allah ya saka da alheri. To ita hasumiyar fa, me ya same ta?

Abban Sadik:
Cagsawa ke nan, a unguwar Busay. Tsohon gari ne da dutsen ya binne ranar 1 ga Fabrairun 1814, mutum wajen 1,200 suka rasu, waɗanda suka tsira su ne suka komo Daraga. Babbar cocin da ke kan tudu a tsakiyar gari tun 1773 aka gina ta da baƙin dutsen da Mayon ɗin ya amayar. Yanzu Cagsawa wurin yawon buɗe ido ne, ana sayar da tsaraba ana ɗaukar hoto.

Hafsat Funtuwa:
Anti ni dai zan faɗa miki abin da likita bai taɓo ba, kuma shi ne ya kamata Hajiya ta sani. Wutar ba ita ce abin tsoro ba, ruwa ne. Matar da na zauna a gidanta, Manay muke ce mata wato kamar Yaya a yarensu, ita ta zaunar da ni wata rana muna gyaran ganye ta ba ni labarin guguwar Reming ta ranar 30 ga Nuwamban 2006. Ta ce ruwa aka yi ta shekawa ba ƙaƙƙautawa, sai ruwan ya kwaso toka da yashi da duwatsun da dutsen ya tara a jikinsa watannin baya, ya gangaro da su kamar kwaɓaɓɓen siminti, lahar suke ce masa, duwatsu wasu girman mota, ya bi ta cikin unguwanni ya shafe gidaje har rufi, tsakanin matattu da waɗanda ba a ƙara gani ba sun haura dubu. Ƙanin mijinta na cikin waɗanda ba a samu gawarsu ba. Tana faɗa tana share hawaye da gefen riga wlh har yau ina ganin fuskarta.
Shi ya sa abin da zan ce a tambaya kafin a biya kuɗin ɗaki shi ne, gidan kusa da rafi yake? a kwari yake ko a tudu? ginin bulo ne mai bene ko na katako? Ki tambayi maƙwabta ina ruwa ya tsaya a nan lokacin Reming, kowa zai nuna miki da hannu a jikin bango, ba wanda ya manta. Kuma tun bayan wannan abin mutanen Albay ba sa wasa da gargaɗi, gwamnan da suka yi daga 2007, Joey Salceda, ya dage a kan a kwashe mutane tun kafin abu ya zo, in aka ce a tashi ana tashi, mai unguwa da kansa ke bi gida gida da lasifika. Ki gaya wa ƙanwarki ranar da ta ga Manay ɗinta na ɗaure kaya, ita ma ta ɗaure nata, kada ta tsaya musu.

Bashir na Jos:
Hafsat ta faɗi gaskiya. Ni guguwar Rolly ce ta same ni, 1 ga Nuwamban 2020, ga korona ga guguwa. Da asuba ta iso, ƙarar iskar kamar tirela goma na wucewa ta kan ɗakinka, kwanon maƙwabcinmu muna ji ya tashi ya tafi, mu huɗu muka shige banɗaki da katifa muna ta salati har wajen hantsi. Ba abin da ya same mu alhamdulillah amma wuta ta yi makonni ba ta dawo ba, caji sai ka je inda mai janareta ka biya, gida kuma hankali ya tashi don kwana uku ba su ji ni ba, mahaifiyata har sadaka ta yi. Don haka a saya mata pawa bank babba, tocila, jarkar ruwa, ta riƙa ajiye fasfo da takardunta cikin leda mai zif. Oktoba zuwa Disamba su ne watannin da ake zama cikin shiri, bagyo suke ce wa guguwar. A kuma gaya wa Hajiya tun yanzu in an ji shiru kwana biyu bayan guguwa layi ne ya faɗi.

Ummu Haidar:
Kun tsorata ta da yawa, bari in kawo na abinci don shi ne za ta yi fama da shi kullum, guguwa kuwa sau nawa ne a shekara. Mutanen Bikol, wato yankin da Albay take ciki, abu biyu suka riƙe, madarar kwakwa da barkono, duk ƙasar an san su da cin yaji har ayis kirim na barkono suke yi, to ta nan ɗan Hausa ba zai sha wahala ba. Matsalar alade ce. Abincinsu da suka fi taƙama da shi, Bicol Express, naman alade ne zalla, kada ta kuskura. Laing kuma ganyen gwaza ne busasshe da madarar kwakwa, yana da daɗi sosai amma sau da yawa suna jefa ɗan alade a ciki don ɗanɗano kuma in kin tambaya akwai nama za a ce miki babu don su ba sa lissafa wannan a nama, sai kin ce baboy da bakinki, shi ne sunan aladen. Haka pinangat na Camalig, shi ma na ganyen gwaza ne, a tambaya na kifi ne ko an haɗa. Ni daga baya girkina na koma yi gaba ɗaya, kuma kasuwar Daraga ba ta rage ni da komai ba, zogale na nan ko'ina malunggay suke ce masa har a katangar gida yake fitowa, ga kuɓewa ga dankali ga tsamiya ga kifi ɗanye mai arha, kaza kuwa mai rai muke saya ƴan uwa maza su yanka mana. Ta taho da kuka da daddawa da yajin gida da busasshiyar kuɓewa a rufe da kyau, don garin akwai danshi abu na saurin yin fumfuna.
Musulmi ƴan kaɗan ne, yawanci Maranao ne ƴan kasuwa daga Mindanao masu sayar da waya da kayan sawa, ta wurinsu muka san inda ake Juma'a a Legazpi, da azumi ma su suka riƙa kiranmu buɗa baki.

Sani Kofar Ruwa:
Ni gaskiya ban ji daɗin zaman ba kuma gara in faɗa. Ba dutse ba guguwa, kaɗaici ne. Shekarar farko duk inda na bi kallo ake, yara na biyo ni suna son taɓa hannuna, ba da mugunta ba amma yana gajiyarwa, ga tazarar awa 7 tsakaninmu da gida, lokacin da kake son magana su suna barci. Ba kiran sallah sai ƙararrawar coci da zakaru, tun Satumba an fara waƙoƙin Kirsimeti. Sannan wanda ya yi min hanyar makaranta ya ci kuɗina, abin da ya ce kuɗin ɗaki ne na je na tarar ninki biyu ya karɓa. Anti ku nemi lambar mai gidan ku yi magana da ita kai tsaye ta bidiyo ta zagaya da ku ɗakin.

Ummu Haidar:
Sani haka ne kam shekarar farko akwai wuya, ni ma na yi kuka. Amma abin da ya sauya min zama kalmomi ne ƴan kaɗan. Ranar da na fara ce wa mai kifi Dios mabalos maimakon tankiyu, matar nan ta riƙe hannuna ta kira duk ƴan layin su zo su ji, daga ranar ba ta ƙara barina na tafi ba gyara ba. Turanci suna ji sosai ba matsala, Tagalog ma haka, amma yarensu ne ke buɗe zuciyarsu, kuma na Daraga ma ya ɗan bambanta da na Legazpi duk da kusancin. Hijabina kuwa ba wanda ya taɓa ce min uffan.

Hafsat Funtuwa:
Kuma Anti ki nuna wa Hajiya hoton dutsen da safe ba na dare kaɗai ba. Sunan garin ma daraga budurwa ke nan a yarensu, magayon kuma kyakkyawa, suna da tatsuniyar wata budurwa Daragang Magayon da suka ce kabarinta ne ya tashi ya zama dutsen. A bayan takardar peso 100 ma shi ne a jiki. In kin idar da sallar asuba kin leƙa taga kafin gajimare ya rufe shi, ga gonakin shinkafa kore shar a ƙasa ga shi tsaye kamar an zana da ɗan hayaƙi a ka, sai kin yi tasbihi. A 2023 da ya sake tashi a watan Yuni muna kan bene da daddare muna ganin jan layin wutar na gangarowa ta kwazazzabon Miisi, da safe kuma na saka yunifom na tafi asibiti.

Maman Fadila:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na karanta wa Hajiya duka har na Sani. Ta yi shiru can ta ce a tambayo mata ko gidan a tudu yake. Mun kira mai gidan ɗazu da safe ta bidiyo, bene ne hawa biyu, ta leƙa da wayar ta taga ta nuna mana cocin nan ta kan tudu, ta ce lokacin Reming ruwa a bakin ƙofa ya tsaya bai shigo ba. Kuɗin ɗakin ma ya yi ƙasa da abin da aka faɗa mana. Ummu Haidar zan turo miki lambar yarinyar ki ƙara mata bayani kan kasuwa, Hajiya ta riga ta aika a dako kuka.