Zan yi nisa da shagona na wata 18, ta yaya zan riƙe shi daga wayata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda abin ya taɓa bi ta kansu. Ina da shagon takalma da jakunkuna, shekara shida ke nan. Rabin cinikina a cikin shago ne, rabi kuma ta WhatsApp da Instagram. Yanzu na samu gurbin karatu a wata ƙasa, wata 18 zan yi, kuma saura mako bakwai in tashi. Ba na son rufewa, don da shagon nake riƙe da gidanmu. Zan bar shi a hannun ƙanena da wata yarinya da ta shekara biyu tana yi mini aiki.

Na ɗan gwada kwanaki da na yi tafiyar mako uku. Na ce kullum da yamma su ɗauki hoton littafin ciniki su turo mini. Kwana huɗun farko an turo. Daga nan sai saƙon murya: "Yaya, yau kasuwa ba laifi." Da na dawo na ƙirga kaya, takalmi ƙafa tara babu su a kanta, babu su a littafi. Ban ce wani ya ci ba. Ƙanena ya ce bashi ya bayar ya manta bai rubuta ba, kuma gaskiya mutum biyar sun kawo kuɗi daga baya. To amma mako uku ke nan fa, ina ga wata 18?

In sa kyamara ne? In bar musu layin da kwastomomi suka sani? Kuma in ba ƙanena lambar sirrin manhajar banki don ya riƙa biyan masu kawo mana kaya?

Wani matashi:
Anti, kyamara kawai. Gani ya kori ji.

Wata akanta:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa, Allah ya sa a je a sa'a. Ni kam ba da kyamara zan fara ba. Kyamara za ta nuna miki mutum ya shigo ya fita da leda, amma ba za ta faɗa miki abin da ke cikin ledar ba, balle ko an biya. Takalmanki tara ba don rashin ido suka ɓata ba, don rashin rubutu ne.

Abu uku ne ke yawo a kowane shago: kaya, kuɗi, da rubutu. Duk ranar da ukun suka haɗu a hannun mutum ɗaya, ko waliyyi ne, lissafi zai rikice, kuma shi kansa ba zai iya wanke kansa ba. Aikin wayarki shi ne ta raba su.

Ki fara da ƙidaya. Kafin ki tafi ku rufe shago kwana guda, ku ƙirga komai, ki ba kowane samfuri lambarsa a liƙa a jikin kwali, har da girman ƙafa da launi. Wannan adadin shi ne tushe. Daga nan lissafin ba ya wuce wanda kika sani: abin da ke ƙasa, a ƙara wanda ya shigo, a cire wanda aka sayar, saura dole a same shi a kanta.

Sai ki buɗe fom a Google Forms, kyauta ne. Tambaya biyar ta isa: lambar kaya, guda nawa, nawa aka sayar, yadda aka biya, wane ne ya sayar. A wurin yadda aka biya ki sa zaɓi huɗu, kuɗi hannu, tiransifa, POS, da bashi, kuma wanda ya zaɓi bashi sai ya rubuta sunan mai karɓa. Duk abin da suka cike zai sauka kai tsaye a Google Sheets, wato takardar lissafi ta intanet da za ki haɗa da fom ɗin, tare da ranar da lokacin da aka tura shi. Su fom ɗin kaɗai za ki ba su. Takardar lissafin taki ce, in ma za ki nuna wa ƙanenki, ki ba shi izinin kallo, ba na gyara ba. Wanda ya yi kuskure ya sake cike wani ya yi bayani, ke ki gyara. Ko da kin ba wani izinin gyara, Sheets yana ajiye tarihin duk abin da aka canza da wanda ya canza shi, ki koyi inda ake duba wannan.

Sannan sau ɗaya a mako, ranar da ba su sani ba, ki kira su ta bidiyo, ki zaɓi lamba goma daga takardarki, ki ce a ƙirga a gabanki. Minti ashirin ne. Ba sai kin ƙirga shago duka ba, sanin cewa kowace lamba tana iya faɗowa ya wadatar.

Mai gyaran wayoyi:
Hajiya, maganar layi ce ta sa na shigo, don a teburina nake ganin kukan mutane. Kada ki bar musu sim ɗin. Wanda ke riƙe da sim shi ke da WhatsApp, shi ke karɓar lambar tantancewa ta banki, shi ne mai kasuwar a idon na'ura. Ki tafi da shi.

In ba ki koma WhatsApp Business ba ki koma, tun 2018 yake, kuma yana da wurin jera kaya da hotuna da farashi, da amsa mai fita da kanta idan an yi sallama babu kowa. Lamba ɗaya tana ɗaukar ƙarin na'urori har huɗu. Ke ki riƙe uwar, wato wayarki da aka yi rajistar lambar a kanta, ki haɗa wayar shago a matsayin 'ya. Suna amsa kwastomomi kina gani, kuma ranar da kika ga dama ki cire su daga inda kike, ba sai kin roƙi kowa ba. Sai dai ki kula, idan uwar ta kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, 'ya'yan za su fita da kansu. Kuma abin da aka goge a wayar shago yana iya gogewa a taki, saboda haka hira ba littafin ciniki ba ce, ki bi maganar akanta.

Ki kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp ɗin, ki sa lambar sirri mai lamba shida da ke kaɗai kika sani. Ki gaya wa yaranki da babbar murya: duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya ce ke kika aiko shi. Haka wanda ya ce a sauke AnyDesk ko TeamViewer zai gyara matsala daga nesa. Manhajojin na aiki ne na gaskiya, amma wanda ka buɗe wa ƙofa da su yana ganin allonka kamar a hannunsa yake.

Instagram kuwa kada ki ba da kalmar sirri. A Meta Business Suite, manhajar kasuwanci ta kamfanin da ke da Instagram, ana ba mutum izinin saka hoto da amsa saƙo ba tare da ya mallaki shafin ba. Kuma kafin ki tashi ki je ofishin kamfanin layinki ki tambayi abu biyu: ko saƙo zai riƙa shigo miki a ƙasar da za ki, da kuma tsawon lokacin da layi zai yi ba a amfani da shi kafin su rufe su sayar wa wani. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami.

Mai sayar da kayan gyaran mota:
Ni ina da kyamara a shaguna biyu, bari in ɗan kare ta, don akanta ta yi mata rashin adalci kaɗan. Ta yi mini amfani a wuri biyu: sanin ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, da raba gardama idan kwastoma ya ce ya ba da kuɗi yaro ya ce bai karɓa ba. Amma watan farko har ciwon kai ta sa mini. Ina cin abinci ina kallo, ina kwance ina kallo, yaro ya sa hannu a aljihu zuciyata ta buga. Ke da za ki karatu, wallahi in kika biye mata ba za ki karanta shafi biyu a jere ba. Ga cin data, ga shi in wuta ta ɗauke ita ma ta ɗauke sai kin haɗa mata batir.

In za ki sa, ki sayi mai katin memori don ta riƙa naɗa ko babu intanet, ki duba ta kawai idan lissafi ya nuna giɓi. Ki canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin intanet ta wannan ƙofar, don masu su ba su canza ba, har aka yi amfani da su wajen tsayar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i. Kuma ki gaya musu akwai ta. Kyamarar ɓoye ranar da aka gano ta, ranar zumunci ke lalacewa.

Wata mai sayar da mayafai ta intanet:
Ni ta hanyar alat na bogi aka cuce ni. Ina asibiti da yaro, wani ya turo wa mai tsaron shagona hoton rasit na tiransifa, har da saƙon da ya yi kama da na banki, ta ɗaure masa kaya ya tafi. Har yau kuɗin bai shigo ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, yaro ma zai iya haɗa shi a waya. Dokata yanzu, kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin asusu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Amma 'yar uwa, bambancin lokaci tsakanin ƙasar da zan je da gida awa shida ne, lokacin da kasuwa ke ci ni ina barci ko ina aji, wa zai duba asusun? Sannan abin da ya fi damuna: ƙanena zai ga kamar ɓarawo na mayar da shi. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya.

Akantar ta dawo:
Ki tambayi bankinki. Wasu bankunan suna ba asusun kasuwanci damar ƙara mutum na biyu wanda zai ga shigar kuɗi amma ba zai iya fitarwa ba. In naki ba ya yi, ki sa sanarwar shigar kuɗi ta riƙa zuwa wani imel da ke wayar shago, ko a karkata masu tiransifa zuwa POS mai fitar da rasit. Lambar sirrin manhajar banki kuwa, a'a. Masu kawo kaya ke za ki biya su daga can, bayan ƙanenki ya ƙirga abin da aka sauke, ya cike wani fom daban na shigar kaya, ya turo hoton takardar. Ki buɗe masa wani ɗan ƙaramin asusu na kashe-kashen yau da kullum, kina zuba masa daidai na mako.

Wata dattijuwa a zauren:
'Yata, zo nan. Duk abin da yaran nan suka faɗa daidai ne, amma na ga babu wanda ya tambaye ki ko kina biyan ƙanen naki albashi. In ba kya biya, ki fara. Ɗan uwan da ake cewa "ai namu ne duka" shi ne yake ɗauka ba tare da ya ji ya ɗauka ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Ki yanka masa albashi, ki ƙara masa wani kaso a kan ciniki, ki rubuta.

Sannan kada ki kawo masa tsarin a matsayin tsaro. Ki tuna masa takalma taran nan, ki ce ba kya son ranar da za a rasa wani abu a rasa abin da zai wanke shi. Ai gaskiya ce. Ki kuma ba shi iko na gaske: ragin da zai iya yi ba sai ya kira ki ba, mutanen da kika yarda a ba su bashi da iyakarsa. Wanda aka ɗora wa kaya aka hana shi yanke komai, kiranki zai yi ta yi da tsakar dare har ki gaji ki ce ya yi yadda ya gani, daga nan kuma tsari ya rushe.

Mako bakwan nan kada ki ɓata su a sallama. Ki zauna a gida mako biyu kamar kin tafi, kada ki leƙa shagon, ki tafiyar da shi ta waya. Inda zai yi yoyo ya yi tun kina kusa.

Matashin nan:
To na janye, Anti, kyamara ta koma ta uku. Ƙari ɗaya: ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida. Ki kwashe lambobin kwastomominki ki ajiye a Google, asusun kyauta yana da 15GB, ya ishe ki. Kuma ku yi alkawarin wata hanyar magana ta biyu, ko Telegram ko kiran waya.

Mai tambaya:
Mama, na gode, maganar albashin ta taɓa ni, don gaskiya abin da ya samu nake ba shi. Na yi masa magana jiya, bai ji haushi ba, shi ma ya ce ya gaji da riƙe lissafi a ka. Mun haɗa fom ɗin, yau kwana biyu ina gida. Matsala ɗaya ta fito: da rana sabis ya ɗauke musu kusan awa uku, fom ya ƙi tafiya, sai da yamma suka cike daga abin da suka tuna.

Akantar:
Google Forms ba ya tafiya sai da intanet, kuma "abin da suka tuna" shi ne ya cinye miki takalma tara. Ki sayo littafin rasit mai kwafi biyu, mai lamba a jere. Kowane ciniki a rubuta rasit nan take, kwastoma ya tafi da ɗaya, ɗaya ya zauna. Ki ƙara tambaya ta shida a fom, lambar rasit. Idan sabis ya dawo su shigar daga littafin, ke kuma da daddare ki duba ko lambobin sun bi juna. In kin ga 41 sai 43, ki tambayi inda 42 ta shiga.