Gidan gado, fili mai satifiket da gonar jingina: wanne ne namu a idon doka?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu watanni bakwai da suka wuce, ya bar mu mu tara da iyayenmu mata biyu, kuma kafin a zauna rabon gado muka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa, sai muka ga abin da ya ɗaure mana kai. Gidan da muke ciki a cikin birnin Kano, wanda shi ma ya gada daga kakanmu, ba shi da wata shaida in ban da tsohuwar takarda da aka rubuta da ajami, mai ɗauke da dangwalen shaidu uku. Akwai fili a wajen gari mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O ko satifiket, amma sunan da ke jikinta na mutumin da ya sayar masa ne, an haɗa ta da yarjejeniyar ciniki da rasit. Akwai gona a ƙauye da aka ba shi jingina fiye da shekara ashirin, mu muke noma ta har bana. Sannan akwai shaguna biyu a jikin gidan, kuma ɗaya daga cikin masu hayar, wanda ya shekara goma sha huɗu a wurin, yana cewa marigayi ya yi masa alkawarin ba za a tashe shi ba. Ina roƙon masana su fayyace mana matsayin kowanne, domin wasu daga cikin ƙannena sun matsa a sayar da komai a raba kuɗi.

Baristan Zaure ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, tun daga 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, babu mutumin da ya mallaki ƙasa ita kanta a Najeriya. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a, abin da mutum yake da shi kuwa haƙƙin riƙo ne da amfani. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin dokar Turawa ta 1910 da ta 1916, da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, duk a kan wannan turba suke, ta 1978 ta shimfiɗa tsarin ne kawai a kan ƙasar baki ɗaya. Haƙƙin riƙon iri biyu ne: wanda gwamna yake bayarwa, musamman a yankin da aka ayyana birni ne, da na al'ada wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a karkara.

Gidanku na cikin birni shi ne mafi ƙarfin matsayi a cikin abubuwan da ka lissafa, ko da yake shi ne mafi ƙarancin takarda. Sashe na 34 ya ce wanda yake riƙe da ginannen wuri a birni kafin dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙonsa tamkar gwamna ne ya ba shi. Saboda haka rashin satifiket bai raunana haƙƙinku ba, abin da zai hana ku kawai shi ne karɓar bashin banki da gidan, ko samun mai saye da zai ba da farashi mai kyau. Satifiket shaida ce, ba ita ce tushen mallaka ba, kuma Kotun Ƙoli ta bayyana haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, inda ta nuna cewa satifiket ba ta amfanar wanda tun asali ba shi da haƙƙi a kan filin. Takardar ajamin nan ku adana ta da kyau, ku ɗauki hotonta, kada kowa ya riƙa naɗe ta yana warwarewa.

Filin wajen gari ne yake buƙatar aiki. A rajistar gwamnati har yau na wancan mutumin ne, domin sashe na 22 ya hana wanda yake da haƙƙin riƙo daga gwamna ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda rashin wannan amincewa, har ta ce sharaɗin ya hau kan waɗanda suke riƙe da wurarensu tun kafin 1978, wato irin gidanku ma. Wannan ba ya nufin kuɗin Baba sun faɗi, domin kotuna suna kare wanda ya biya kuɗi ya kuma karɓi wuri, sai dai haƙƙi ne da bai kammala ba, kuma idan mai sayarwa ko magadansa suka ci amana suka sake sayarwa ga wanda bai san da cinikin farko ba, ya riga ku yin rajista, za ku sha wahalar shari'a. Ku je hukumar KANGIS, mai kula da bayanan filaye a jihar Kano, a bincika fayil ɗin, a ga ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru, ko wata jingina, sannan a nemo mai sayarwar ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙi tun yana raye. Ku duba ranar da aka ba da satifiket ɗin, domin na gidan zama yawanci wa'adin shekara 99 ne, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka bai wa mutum na farko, ba daga ranar da Baba ya saya ba. Idan kuma kuna da niyyar yanka filin kashi-kashi a tsakaninku, shi ma sai da amincewar gwamna, kamar yadda sashe na 24 ya tanada.

Almajirin Malam ya amsa:

Barista ya yi bayani a kan dokar ƙasa, ni kuma zan taɓa ɓangaren fiƙihu, tun da rabon gadonku a gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci zai ƙare idan ba ku daidaita a gida ba. Gonar jingina ba ta cikin abin da marigayi ya bari. Abin da ya bari shi ne kuɗin da ya bayar, wato bashin da yake bin mai gonar, gonar kuwa tana nan a matsayin ta mai ita ko ta magadansa, duk ranar da suka kawo kuɗin fansa dole a sakar musu, ko da an shekara hamsin. Na san wasu za su kawo maganar hauzi, cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya riƙe wuri shekara goma yana danganta shi ga kansa, mai shi yana gari yana gani bai yi magana ba, to da'awar mai shi ta faɗi. Haka ne, yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, amma hukuncin bai shafi wanda aka san ta hanyar jingina ko aro ko haya ya shiga wurin ba, domin shirun mai gona a nan yana da dalili sananne. Kuma ina ba ku shawara ku tambayi malaminku game da amfanin gonar da aka ci a tsawon shekarun nan, saboda malamai da dama suna ganin noman gonar jingina a kan bashin kuɗi yana shiga cikin rancen da ya jawo amfani.

Game da ƙannenka masu son a sayar, kowane magaji yana da ikon neman rabonsa, kuma idan gidan ba zai rabu ba sai ya lalace, alƙali yana iya sa a yi masa kuɗi. Amma kafin a raba, ku duka abokan tarayya ne a kowane ɗaki da kowane taku na tsakar gida, babu mai cewa ɗakin kudu nasa ne. Idan ɗayanku ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya abin da baren ya biya su karɓe kason. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Kada kuma a manta da tumunin takaba, wanda iyayenku biyu za su raba a tsakaninsu, bayan an biya bashi an kuma zartar da wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusi.

Hajiya Mai Gidan Haya ta amsa:

Ɗana, maganar mai shago nake so in ja maka kunne a kanta, domin na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani ɗan haya ya riƙe mini kuɗin shekara biyu, ƙanena ya fusata ya je ya sa wa ƙofar kwado, ya sa aka kwance kwano biyu daga rufin ɗakin ana tsakiyar damina, ruwa ya jiƙa masa katifa da buhunan kaya. Da aka je kotu, mu masu bin bashi muka koma masu biyan diyya, kuma ya ƙara wata takwas a gidan kafin a gama shari'a. A nan na koyi cewa haya ma haƙƙi ce da doka ta sani, kuma mutuwar mai gida ba ta kashe ta, magada suna gadon gidan ne da ɗan hayarsa a ciki.

Abin da ake dubawa shi ne yadda yake biya. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani abu dabam, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara-shekara kuwa wata shida, bayan wa'adin ya cika a sake ba shi na kwana bakwai cewa za a nemi kotu ta karɓi wurin, sannan kotu ce take fitar da shi, ba ku ba. Daɗewarsa shekara goma sha huɗu ba ta mayar da shagon nasa ba, tun da da sunan haya ya shiga kuma yana biya. Ku ci gaba da karɓar kuɗin kuna ba shi rasit, ana ajiye su a asusun magada.

Na Maraɗi ya amsa:

A wajenmu a Nijar, dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar al'ada, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, waɗanda suke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, kowacce da irin tata. Amfanin haka shi ne jikoki ba za su wayi gari suna gardamar ko kakansu sayen gona ya yi ko jingina aka ba shi ba. Ko da babu irin wannan tsari a ƙauyenku, ku tara magadan mai gonar a gaban dagaci a rubuta adadin kuɗin da sunayen shaidu tun dattawan da suka san zancen suna da rai.

Ɗan Ƙofar Mata ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma wurin mai shagon, yanzu kuma cewa yake yi ba alkawarin zama kawai ba ne, marigayi ya ce ya ba shi shagon kyauta, amma ya yarda cewa har watan da Baba ya kwanta rashin lafiya yana biyan haya. Allah ya gafarta Malam, ina matsayin wannan magana?

Almajirin Malam ya amsa:

Hujja tana kan mai da'awa, saboda haka sai ya kawo shaidu adilai da suka ji kyautar daga bakin marigayi. Ko ya kawo su, kyauta a Malikiyya ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin a matsayin nasa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, idan kuwa mai kyauta ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Mutumin da ya ci gaba da kai kuɗin haya wata bayan wata ya shaida da hannunsa cewa a matsayin ɗan haya yake zaune. Idan kuma ya ce a lokacin jinyar ajali aka yi maganar, to hukuncin wasiyya za ta ɗauka, a fitar da ita daga sulusi bayan ta tabbata da shaidu. Ku nemo littafin da Baba yake rubuta kuɗin hayar, ko ragowar rasit ɗin da ke cikin akwatin nan, ku tafi da su ranar da za a zauna.