Yarima ne ko "duc"? Tambaya a kan sarautar gidan Broglie

Malamin Fiziks, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Wata ɗaliba ce ta ƙure ni yau, na ce bari in kawo kukana nan.

Ina koyar da fiziks a aji shida na sakandare. Mun iso kan Louis de Broglie, Bafaranshen da ya ce a 1924 ƙwayar elektiron ma tana da ɗabi'ar igiya kamar yadda haske yake da ita. Bayan azahar ne, kowa ya yi laushi, sai na ɗan sako labari don su farka: cewa da karatun tarihi ya fara, ya yi yaƙin duniya na ɗaya a tashar rediyon sojoji ta hasumiyar Eiffel, ya ci kyautar Nobel a 1929. Na ƙara da cewa Yarima ne ma, don a jerin waɗanda suka ci kyautar an sa masa "Prince" gaban sunansa.

Sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, ɗan wane sarki ne?" Na ce na Faransa mana. Ta ce ai malamin tarihi ya gaya musu tun 1870 Faransa jamhuriya ce, shi kuwa na rubuta a allo an haife shi a 1892. Na ce za mu dawo kan wannan, na ɗauki tsumma na share allon.

Da na koma gida na duba, sai abin ya ƙara dagulewa. Wani wuri Yarima, wani wuri "duc na bakwai". Wa ya ba shi yarimancin? Idan kuma daga Yarima ya koma duc, gaba ya ci ko baya? Jibi zan sake shiga ajin.

Baban Ilham

Wa alaikumus salam. Malam, ina jin laƙabi ne kawai, irin yadda muke da Yarima mai shayi a unguwarmu. Turawa ma suna yi.

Mushe Ɗan Damagaram

A'a Baban Ilham, wannan da takardarsa. Malam, ni ma allo na ci shekara da shekaru a kai kafin in yi ritaya, tarihi da Faransanci na koyar, saboda haka na san zafin ƙuren ɗalibi. Ka fara gyara sunan tukuna: masu shi "Broy" suke cewa, ba Burogili ba.

Asalinsu ma ba Faransawa ba ne. Mutanen Chieri ne, kusa da Turin a Italiya, sunansu Broglia. Kakansu ya shigo aikin sojan Faransa a 1643, zamanin Mazarin, babban ministan ƙasar. Gidan yaƙi ne, sau uku a jere, kaka da ɗa da jika, suna kai wa muƙamin marshal, wato babban muƙamin soja. Sarautu biyu suke riƙe da su, kuma daga hannu biyu daban suka fito, nan ne ruɗanin yake.

Ta farko ita ce duc (ana faɗinta kusan kamar "duk" namu, kada ka bari ɗalibai su yi maka dariya). Sarki Louis na 15 ne ya ba François-Marie de Broglie a 1742, har aka sauya wa garin Chambrais na Normandi suna ya koma Broglie. Wannan mutum ɗaya ne kawai yake riƙe ta a lokaci guda, daga uba zuwa babban ɗa namiji.

Ta biyu ta zo wa ɗansa, Victor-François. A yaƙin shekara bakwai Faransa da Ostiriya suna ɓangare ɗaya. Ranar 13 ga Afrilun 1759 ya kori rundunar Ferdinand na Brunswick a Bergen, kusa da Frankfurt. A shekarar nan sarkin sarakuna Francis na ɗaya, mijin Maria Theresa mai mulkin Ostiriya, ya saka masa da sarautar Yariman Daular Rum Mai Tsarki, wato daular Jamusawa ta wancan zamanin. Ka ga ke nan ba sarkin Faransa ya bayar ba. Kuma a tsarin Jamusawa ba a keɓe ta ga babban ɗa: duk wanda ya fito daga tsatson maza na gidan, mace ko namiji, da ita ake haihuwarsa. Shi ya sa gidan ya cika da yarimomi da gimbiyoyi, duc kuwa guda ɗaya tal. Daular da ta ba da sarautar ta rushe tun 1806, amma sunan ya zauna.

To ga Louis ɗinka. Ƙarami ne a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu a 1906, wansa Maurice, wanda ya girme shi da shekara 17, ya zama duc na shida. Maurice ɗin shi ma masanin fiziks ne, ya bar aikin sojan ruwa ya kafa ɗakin gwaji a gidansa a Paris, kuma shi ya ja ƙanen zuwa kimiyya. Lokacin Nobel ɗin 1929 Louis Yarima ne kamar sauran dangi. Sai a 1960 da Maurice ya rasu bai bar ɗa ba, ya gaji duc yana da shekara 67.

Ci gaba ne, ba baya ba. Kalmar Yarima ce take yaudararmu, domin mu da mun ji ta sai mu hango fada. A Faransa, in ka cire jinin sarki irin su Condé da wasu 'yan gidaje ƙalilan, duc shi ne ƙololuwa. Akwai gidajen da ma magajin duc ake kira Yarima kafin ya hau: La Rochefoucauld, marubucin nan, Yariman Marcillac ake ce masa har mahaifinsa ya rasu a 1650. Ni in zan kwatanta wa yaro a Zinder, sai in ce kowa a gidan ɗan sarki ne, amma rawanin mutum ɗaya yake ɗaura shi. Kwatancin yana ɗingishi, na sani, tunda su babu masu zaɓen sarki, jerin haihuwa ne kawai yake yanke magana.

Wani abin da nakan tuna: ɗan wanda ya ci yaƙin Bergen ɗin, shi ma Yarima, ya goyi bayan juyin juya hali da farko, amma a 1794 aka sare masa kai. Jikan ne, Victor, ya zama duc na uku, ya yi firaminista a 1835.

Malamin Fiziks, Zariya

Allah ya saka da alheri, Mushe, na kwafe a littafina. Amma Louis bai taɓa aure ba, ya rasu a 1987. Ta mutu da shi ke nan? Kuma jamhuriya me ya haɗa ta da wannan lissafi?

Anti Lauya

Malam, bari in karɓi wannan, Baba Mushe ya sha ruwa.

Ba ta mutu ba. An koma baya har kan Albert, duc na huɗu, kakan Louis, aka biyo ta reshen wani ƙaramin ɗansa. Ta faɗa kan wani Victor-François, wanda ya zama duc na takwas, haifaffen 1949, ɗan Jean de Broglie, ministan da yake cikin waɗanda suka yi yarjejeniyar Evian ta 1962 da Aljeriya, wanda aka harbe a titin Paris ranar 24 ga Disambar 1976. Jean ɗin Yarima yake har ya mutu, bai taɓa zama duc ba.

Batun jamhuriya kuwa, an soke sarautun a 1790, Napoleon ya ƙirƙiro nasa a 1808, aka sake sokewa a 1848, aka dawo da su a 1852. Tun daga nan ba a sake sokewa ba. Ba a naɗa sababbi, ba su ba kowa iko ko alawus, amma doka tana ɗaukar sarautar da ta inganta a matsayin abin da ke manne da suna. Ministan shari'a ne yake duba takardu ya rubuta wanda ya gada a rajista.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na lauya shi ne rasuwar duc na takwas ɗin a 2012. Ya bar ɗa namiji wanda ba a cikin aure aka haifa ba, ya kuma bar ƙane. A dokar Faransa ta yau babu bambanci tsakanin 'ya'ya wajen gadon dukiya. Amma ministan ya rubuta ƙanen a matsayin duc na tara, magana ta kai har babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati, a 2021 ba ta sauya ba. Hujjar ita ce sarauta tana bin sharaɗin takardar da ta kafa ta, takardar 1742 kuwa ɗa namiji na cikin aure ta ambata. Alƙalan jamhuriya ne suka zauna suna aiki da umarnin Louis na 15. Har yanzu ban gama yanke wa kaina ko na yarda da su ba.

Baban Ilham

To na janye mai shayina. Malam, in ka shiga ajin jibi, ka fara da ce wa yarinyar ita ce da gaskiya.