Wane suna za mu ba "niyural netwok" a aikin ƙiyasin kulorofil na teku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Muna neman sunan Hausa na "niyural netwok", dabarar kwamfuta da ake ƙiyasta yawan kulorofil (sinadarin da ke sa tsirrai su yi kore) a teku da ita daga hotunan tauraron ɗan'adam. Shi kulorofil a bar masa sunansa, don "koren ganye" bai dace ba, ƙananan halittun da ke ɗauke da shi a teku ba su da ganye. An kawo shawarar "ƙwaƙwalwar na'ura". Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ban goyi bayan wannan ba, domin abin ba ya tunani. Kulorofil yana shanye shuɗin haske, wajen nanomita 443 (ma'aunin tsawon zangon haske ne), ya bar kore, wajen 555. Tsohuwar hanya, irin ta na'urar SeaWiFS mai auna launin teku, da aka harba a kan tauraron ɗan'adam a 1997, ita ce gwada ƙarfin shuɗi da na kore. A tsakiyar teku tana aiki sosai. Amma kusa da gaɓa, narkakken ruɓin tsirrai da koguna ke kawowa shi ma yana shanye shuɗi, laka kuma tana watsa haske, sai lissafi ya nuna kulorofil mai yawa alhali babu.

Sabuwar dabarar tana karɓar launuka da yawa a lokaci guda (na'urar OLCI ta tauraron Sentinel-3 tana da 21), ta bi da su ta layi-layi na ƙulli, kowane zaren da ya haɗa ƙulli biyu da nauyinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin tasirinsa. In amsa ta kauce wa awon gaskiya, sai a gyara nauyin, a sake. Ni "raga mai koyo" zan ce.

Malama: Na so "ragar jijiyoyi", don ta fi kusa da asalin sunan Turanci, wanda ke nufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai dai Bahaushe na jin jijiya zai tuna da ta jini. Na bi ka, Injiniya. "Mai koyo" ma gargaɗi ne: abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Ana ɗebo ruwa daga jirgi, a tace, a auna a ɗakin gwaji, sannan a haɗa da hoton wurin da tauraro ya ɗauka cikin awa 3 ko ƙasa da haka da ɗebo ruwan, don ruwa ba ya tsayawa. Yawan kulorofil yana kamawa daga ƙasa da miligiram 0.05 zuwa sama da 10 a kubik mita, shi ya sa ake koya mata da logaridim (lissafin da ke rage tazarar lambobi), in ba haka ba manyan lambobi su danne ƙanana. Kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke isa tauraron daga iska yake, ba daga ruwa ba. In cire wannan hasken na iska ya gurgunce, ƙiyasi ya gurgunce. Don Allah a riƙa gwada ta da ruwan yankin da ba ta taɓa gani ba, a nan ake gane ko ta koya ko haddacewa ta yi.

Mai tambaya: Madalla, Allah ya ƙara sani. Mun tsaya a kan "raga mai koyo", jam'i "ragogi masu koyo".