An daina duba nisan tafiya, sai kuɗin da ka kashe: wa abin ya taɓa?

Mai yawan tafiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ina bin kamfanin jirgi ɗaya, ba zan kama suna ba. Ko wani ya fi shi araha, shi nake hawa saboda katina na azurfa, wato katin gata da kamfanin jirgi ke ba masu yawan tafiya da shi. Jiya saƙo ya shigo cewa yanzu kuɗin da ka kashe kawai za a duba wajen ba da katin. Na baje tikitocin bara na lissafa, ko rabin abin da ake nema ban kai ba. Harajin cikin tikiti ma ba ya shiga lissafi, alhali ga mu masu kujerun baya kaso ne mai tsoka. Wanda abin ya shafa ya faɗa mana yadda ya yi.

'Yar kasuwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ƙarin jaka ne ya fi yi mini ciwo. Kilo 23 kyauta a kowace tafiya ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗauko kaya. Sai ɗakin hutawa na masu kati a filin jirgi. Na taɓa jiran awa bakwai da jaririya a hannu, a can na samu na yi mata wanka, na shimfiɗa zani ta yi barci. Ran da katin ya mutu na miƙa shi a ƙofa, yarinyar ta duba kwamfuta ta ba ni haƙuri. Wallahi har yau wannan tsayuwar tana raina.

Mai bin labaran jirage:
Abin ya zama ruwan dare. British Airways ta koma wannan tsari daga 1 ga Afrilu 2025: fam ɗaya maki ɗaya, azurfa maki 7,500, zinare 20,000. Amma ƙorafi yana aiki. A Satumba 2023 Delta ta Amurka ta ce sai ka kashe dala 35,000 za ka samu babban matakinta na Diamond. Fasinjoji suka yi ca, shugabanta Ed Bastian ya amsa cewa sun zarce, aka sauko zuwa 28,000. British Airways ma daga baya ta dawo da ƙidayar tashi, sau 50 a shekara ka samu azurfa. Alhaji, ka rubuta musu, kada ka yi shiru.

Injiniya:
Gaskiya ni tsarin ya yi mini daɗi. Ofishinmu ke biya, tafiya huɗu a kujerun gaba na haye zinare. Kuma ɗakin hutawa ya cika maƙil a da, wurin zama ma sai ka yi ta zagaye.

'Yar kasuwa:
To ai ka faɗa da bakinka, Injiniya, ba aljihunka ba ne. Wanda ya zaɓi kamfanin da guminsa sau ashirin a shekara aka ture, wanda ofis ya saya wa tikiti aka ɗaga.

Mai yawan tafiya:
Na gode Hajiya, abin da ke cina ke nan. Daren nan zan rubuta musu. Tafiyar wata mai zuwa kuwa na riga na sayi tikitin wani kamfani, makin da ya rage zan ƙarar da shi wajen yankar wa mahaifiyata tikiti.