Waɗanda suka riski mazan jiya na Yaƙin Duniya na Biyu, ku zo mu haɗa abin da muka ji

Jikan Saje, Zariya

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ɗana ya dawo daga makaranta yana haddace wuraren da Yaƙin Duniya na Biyu ya juya: El Alamein a 1942, Stalingrad a 1943, Normandi a 1944. Na tambaye shi ko an faɗa musu Kaladan, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin a kwarin kogin Kaladan da ke ƙasar Bama (Myanmar ta yau) kakana ya baro yatsu biyu na hannun hagu. Mu da muka zauna a gaban tsofaffin nan muka ji da kunnenmu, mu ma furfura ta fara kama mu. Don Allah duk wanda ya riski wani, ya kawo abin da ya ji.

Bari in fara. Kakana yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kurmin Bama a farkon 1944. Bai cika son zancen harbi ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne kaya. Babu hanyar mota, don haka abinci da harsashi daga sama jirgi yake sako musu da laima, 'yan dako kuma su ɗora a ka su hau dutse da shi. Da yawansu ba su riƙe bindiga ba, adda kawai da gammo. Ya ce ran da suka fi jin tsoro shi ne ran da hadari ya rufe sama jirgi bai zo ba. A watan Maris Japanawa suka zagayo musu a wajen garin Kyauktaw, dole suka ja da baya. A wannan ja da bayan ne ya rasa yatsun. Har ya rasu, in damina ta kankama sai ya zauna a zaure yana shafa hannun, ba ya magana da kowa.

Bakano Mazaunin Fagge

Allah ya jiƙan maza. Ni kakana bai taɓa sa kakin soja ba, amma yana cewa shi ma ya yi yaƙin Hitila. Lebura ne a filin jirgin saman Kano, yana gangara durom ɗin mai. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso su bi ta Ikko su sauka Kano, daga nan Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), Khartum, har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Ya ce akwai lokacin da ko sallar azahar sai dai su yi bi da bi saboda yawan sauka da tashi. Sai da na girma na gane cewa irin jiragen nan ne suka taya Janar Montgomery na Ingila karya Rommel na Jamus a El Alamein da ke Masar, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamban 1942. Shi dai abin da ya sani, Bature ya raba musu goron albishir wata rana, aka ce an ci Jamus a hamada.

Malamar Tarihi, Kaduna

Jikan Saje, ka faɗa wa yaron cewa sunayen suna nan kusa da shi. Barikin Chindit da ke nan Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan da Dodan a Legas, duk daga yaƙin Bama aka samo su. A Ghana ma hedikwatar soja Burma Camp ake ce mata.

Gyara ɗaya kawai zan yi don kada mu cakuɗa. Babban wurin da yaƙi ya juya wa Japan baya a wannan yanki shi ne Imphal da Kohima, a Indiya kusa da iyakar Bama, tsakanin Maris da Yulin 1944, lokacin da suka yi yunƙurin kutsawa Indiya suka kasa, yunwa da cuta suka gama da dubban sojojinsu a hanyar komawa. Yawancin namu suna kudu, a Arakan. Wasu bataliyoyin Najeriya uku kuma an sauke su ta jirgi a bayan abokan gaba tare da Chindit, dakarun Ingila na musamman da Janar Wingate ya kafa, suka tsare sansanin da ake kira White City a kan layin dogo. Ƙanin kakata yana cikin waɗannan. Na riske shi ina aji biyu na sakandare. Ya nuna mini tabon matsattsaku a ƙaurinsa, ya ce da dare Japanawa sukan matso har ka ji numfashinsu, kuma da Hausa ake ba da umarni, har Turawan da ke jagorantarsu sai da suka koya.

Ɗan Filato

Namu labarin ba na lambar yabo ba ne. Da Japan ta kama Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka aikin tilas a ramukan kuza har zuwa 1944. An ɗebi kakana da wansa daga ƙasar Katsina. Sanyin Filato ga ƙarancin abinci, wan bai kai rani ba. Kakana bai koma gida ba saboda ya ce ba zai iya kallon idon mahaifiyarsu ba. Dalilin zamanmu 'yan Jos ke nan.

Bamaraɗe

Innalillahi. Allah ya gafarta masa, ɗan uwa. Mu a Nijar abin ya zo a karkace. Da Faransa ta faɗi a watan Yunin 1940, ƙasarmu ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, har ƙarshen 1942, alhali Chadi ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, tun Agustan 1940 a hannun Gwamna Éboué, daga can ma kwamandan Faransa Leclerc ya tashi ya ci Kufra da ke Libiya a Maris ɗin 1941. Kakata ta ce an tsananta tsaron iyaka, zuwa Katsina wurin dangi ya koma sai da dare ta bayan gari, ga kuɗin atamfa ya fi ƙarfin talaka har ta koma kaɗi da saƙa.

Jikar Kofur, Gombe

Ba wanda ya ambaci Habasha tukuna. Kakana ya fara yaƙi da Italiya ne kafin a kai shi Bama. Suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu ta Somaliya, wadda ke hannun Italiya a lokacin, a Fabrairun 1941, suka bi abokan gaba a mota har Harar a Habasha, a watan Mayu kuma Sarkin Habasha Haile Selassie ya koma gadon mulki. Yakan ce wancan yaƙin gudu ne, Bama kuwa yaƙin rarrafe. Yana runduna ta 82 lokacin da suka haɗu da ta 81 aka karɓe garin Myohaung na Arakan a Janairun 1945, ya ce sun yi ta neman 'yan garinsu a cikin ɗaya rundunar suna tambayar wa ya rage. Yaƙi ya ƙare a Agustan 1945 amma sai 1946 jirgin ruwa ya dawo da su. Ya tarar an yi masa sadakar arba'in tuntuni, matarsa ta fari ta yi aure har da goyo. Bai yi faɗa da kowa ba, ya je ya yi wa jaririn addu'a.

Jikan Saje, Zariya

Hajiya, na karanta naki sau uku. Malama, na gode da gyaran, ranar Asabar zan kai yaron ya ga ƙofar barikin Chindit da idonsa. Ina da lambobin kakana guda biyu da takardar sallamarsa, zan ɗauki hoto in sa a nan. Ɗan Filato, in akwai wani dattijo da ya rage a zuriyarku wanda ya ji daga bakin kakanku, don Allah ka naɗi muryarsa a waya kafin azumi.