Malmon garkarmu ya tafi a buhun gawayi, yaya zan dawo da shi?

Mai tambaya, daga wajen Saminaka:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bara mahaifinmu ya rasu, garkarsa ta bakin rafi ta faɗo hannuna. Tun muna yara akwai wani ƙaton icen malmo a gindin garkar, mu sha 'ya'yansa har harshe ya rine, kakarmu kuma ta sassaƙi ɓawonsa ta jiƙa wa mai ciwon ciki. Lokacin da Baba yake kwance wani ya lallaɓo ya sare shi ya yi gawayi. Na san ko wane ne, amma na bar shi da Allah.

Na zaga wajen masu sayar da dashe, babu mai malmo. Icen turare, gwaiba, mangwaro, darbejiya, shi ke nan. Ɗaya ya ce in ɗauki turare, wai ai danginsu ɗaya da malmo kuma ya fi saurin girma. Na kuma samo 'ya'yan malmo daga wani ƙauye, na shanya ƙwallayen sati biyu na shuka a leda 30, ko ɗaya bai tsiro ba. Ina na yi kuskure? Kuma in na sa turaren kusa da rijiyar garka akwai matsala? Innata ta matsa, ita dai malmonta take so.

Tsohon malamin gandun daji:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Shanyar nan ita ta kashe maka iri. Ƙwallon malmo ba irin na dawa ko kuka ba ne da ake busarwa a ajiye. Da zarar ya bushe ya mutu. Ka sami nunannu, waɗanda suka yi baƙi-baƙi, ka sha ko ka murje naman, ka wanke, ka shuka a ranar, ko washegari in ya yi nisa. Kada ka binne shi da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa. Ajiye ledojin a inuwa, ƙasar ta zauna da danshi, cikin 'yan makonni za ka ga tsiro. A wajenku daga bazara zuwa faɗuwar damina ake samun nunannu, sai ka sa ido.

Mai dashen bai yi ƙarya ba a kan dangantaka. Malmo da turare da gwaiba da kanumfari duk gida ɗaya ne a wajen masana tsirrai. Dubi furensu, kowanne da zare-zare masu yawa kamar bakin buroshi. Murje ganyen kuma za ka ji ƙamshi, na turare ya fi ƙarfi, domin akwai ƙananan jakunkunan mai a ciki. In ka ɗaga ganyen turare saitin rana kana iya ganinsu ɗigo-ɗigo. Sai dai a cikin su huɗun malmo ne kaɗai ɗan ƙasa. A littafi Syzygium guineense ake ce masa, kuma yana bin rafuka da fadamu daga Senegal har Habasha, ya gangara kudancin Afirka. Gwaiba daga yankin Meziko da tsakiyar Amurka ta zo. Turare ɗan Ostireliya ne. Wanda ya fi yawa a wajenmu, can a bakin koguna irin Murray yake fitowa, asalin mutanen ƙasar har kwale-kwale suke yi da ɓawonsa. Mu nan a layukan tare iska da hamada muka yi ta dasa shi a Kano da Jigawa da Katsina, kuma can ya yi aikinsa. Bakin rijiyar garka kuwa ba wurinsa ba ne.

Tambaya ɗaya kafin ka sake wahalar leda: kututturen tsohon yana nan, ko an tone shi?

Mai sayar da sandunan rumfa:

Ranka ya daɗe Malam, a yi wa turare adalci. Ni da shi nake ci da iyalina. Shekara 4 zuwa 5 ka sare ka sayar wa magina da masu rumfa, ya sake tofowa daga gindi, ka sake sara. Wane icen gida ne zai yi maka haka, miƙaƙƙe ba lanƙwasa? Malmo sai ka yi furfura kana jira. Yaro yana da ƙanne da zai ciyar.

Tsohon malamin gandun daji:

Alhaji ban musa ba, ni da hannuna na dasa dubbai. Abin da ya sa yake saurin nan shi ne abin tsoron: ruwa yake zuƙa ba ji ba gani, saiwarsa tana tafiya nesa tana neman danshi, kuma ganyensa in ya zuba ba ya ruɓewa da wuri, kayan lambu ba sa jin daɗin gindinsa. In yana so ya jera su a kan iyaka ta sama, wajen jigawa. Ni dai ba na yarda a kawo shi ƙasa da taku 30 daga rijiya ko katanga.

Wata uwa daga Zariya:

Ɗana, Innarka tana da gaskiya. Mu ma da jiƙon ɓawon malmo aka raine mu in ciki ya ɓaci, da tafasasshen ganyen gwaiba. Turare kuma sirace muke yi da shi in mura ta toshe hanci. Amma ka ji wani abu da tsofaffinmu suke kiyayewa: ba a sassaƙar ice a zagaye. Gefe ɗaya ake ɗiba, ɗan tsiri, a shafe wurin da laka a bar shi ya warke. Masu sayar da magani na yanzu sai su tuɓe ice tsirara kamar an feɗe akuya, badi ka tarar ya bushe a tsaye. Rabin malmon da muka rasa ba gatari ya ci su ba.

Gwaiba kuwa ka dasa ko biyu ne a tsakiyar garkar, ba ta da rigima, shekara 2 zuwa 3 yara sun fara tsinka.

Ma'aikaciyar jinya:

Mama ki yi haƙuri in ɗan sa baki. Babba ya sha jiƙonsa kaɗan, wannan ruwansa. Yaro mai gudawa kuwa abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, don haka ruwan gishiri da sukari na fakiti ake fara ba shi, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono. In akwai jini a kashin, ko ido ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, asibiti kai tsaye. Ɓawon ice ba shi da ma'auni, na wannan bishiya ya fi na waccan ƙarfi. Sannan man turaren nan na kwalba ba a shansa ko kaɗan, ɗan cokali yana iya sa yaro farfaɗiya. Sirace ma kada a yi wa ƙananan yara, mun sha karɓar waɗanda tafasasshen ruwa ya kife musu a cinya.

Wani matashi:

Tunda danginsu ɗaya me zai hana ka gwada kanumfari? Ka san tsadarsa kuwa a kasuwa yanzu?

Mai kiwon zuma daga Kauru:

Ƙanena bar wannan mafarkin. Kanumfari ɗan tsibiran Maluku ne na Indunusiya, inda ya karɓu kuma irin su Zanzibar da Pemba da Madagaska ne, ƙasashen ruwa da laima kusan duk shekara. Hunturu ɗaya zai gama da shi a nan. Wanda muke sa wa a kunu da yaji ma ba iri ba ne, furen ne da bai buɗe ba aka busar.

Ni ta wajen zuma na san darajar malmo. In ya yi furen nan fari, tun daga nesa kake jin kukan ƙudan zuma a kansa, kuma yana yi ne da rani lokacin da abincinsu ya yi ƙaranci. Duk amyar da na rataya kusa da rafin da ke da malmo ba ta ba ni kunya. Ka dasa naka a bin gaɓar rafin, saiwarsa za ta riƙe maka ƙasa kada ambaliya ta riƙa cin garkar. Ka ba su tazara, taku 8 zuwa 10, don ice ne mai faɗin kai. Ka kewaye da ƙaya, awaki ba su san gado ba.

Wani manomi daga Maraɗi:

Ina bayan tambayar Malam a kan kututture. Mu nan tun shekarun 1980 muka koyi sassaben zamani: ba a tone gindin icen da aka sare, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo gonakinmu ba tare da dashe ba. Tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga ruwa, tofonta yana tsere wa ɗan leda nesa ba kusa ba. Je ka duba kafin ka kashe ko sisi.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Da asuba na je na yaye ciyawa da tokar da aka bari. Gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus, amma ta wajen rafi akwai tofo bakwai, sabon ganyen ja-ja ne, mafi tsayi ya kai gwiwata. Da na ɗauka wani ciyayi ne, saura kaɗan in sa adda tun watan jiya. Na kai wa Inna ganye ɗaya ta murje ta shinshina, ta daɗe ba ta ce komai ba. Baba Malam, yanzu zan rage su ko in jira?

Tsohon malamin gandun daji:

Ka kewaye shi yau ɗin nan. Ragewa ka bari sai ruwa ya sauka, ka bar uku waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen, na sama iska na ɓalle su. Wuƙa mai kaifi, kada ka fizga da hannu. Kuma ka gaya wa Hajiya kada ta taɓa ɓawonsu sai sun kai kaurin cinya.